Kifi 21 a cikin lita 55: yadda amoniya ta addabi wani tankin kifin ado a Kano

Janairu: kafa tanki

Mai tankin wani magidanci ne a Kano, ma'aikaci, yaransa uku. Farkon Janairu ya sayo tankin gilas na kifin ado ya kafa a falo, dan yaran sun gani a gidan kawunsu sun hana shi sakat. Tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 35, a lissafi lita 63 kenan, amma in ka cire tsakuwar ƙasa da duwatsun ado da ɗan sararin da ake bari a sama, ruwan ciki bai wuce lita 55 ba, wato jarka biyu ta 'yan garuwa da ɗan ɗori. An haɗa mishi da ƙaramar filta irin wadda ake maƙalawa a jikin gilas ta ciki, soso ɗaya ne a cikinta ɗan mitsitsi. Babu famfon iska daban.

Ranar da aka cika ruwa ranar aka zuba kifi: golfish 4, moli 6, da mai lasar gilas 1, wato kifin nan da ke manne wa gilas yana lashe dattinsa. Ruwan na bohol ne, 'yan garuwa ke kawowa. Abinci kuwa da ɗan gwangwanin da aka ba shi ya ƙare sai ya koma abincin tarwada ƙananan ƙwaya, tunda ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma irin wannan furotin ɗinsa na kaiwa kashi 40 cikin ɗari ko fiye. Kowane yaro in ya dawo makaranta sai ya barbaɗa nasa, uwar gida ta zuba da safe, shi ma in ya dawo da dare ya ga sun taso suna ta rawa a gaban gilas sai tausayi ya kama shi ya ƙara.

Mutum ne mai tsafta. Duk Asabar zai kwashe kifayen a bokiti, ya zubar da ruwan kaf, ya wanke tsakuwa da duwatsu da omo, ya cire soson filta ya cuɗe shi tas ya shanya a rana sai ya bushe ƙayau, sannan a mayar da komai a cika sabon ruwa. A riƙe wannan, zai dawo.

Fabrairu: shiru, sai ƙarin kifi

Sati bakwai ba abin da ya mutu. Lokacin sanyi ne, ruwan falon da wuya ya wuce digiri 22, kifayen ƙanana. Ƙarshen Fabrairu ƙanin matarsa ya kawo tsarabar koi 2, shi kuma da ya koma wajen mai sayarwa sayen fitila sai ya ƙaro golfish 2 da gofi 6. Ya tambaya ko ba su yi yawa ba, mai shago yace, "Haba Alhaji, ai ga fili nan, ko goma za ka ƙara zai ɗauka." Jimilla kifi 21.

Sati na biyu zuwa na huɗu na Maris: mutuwa da magunguna

Zafi na shigowa abubuwa suka canza. Daga Laraba zuwa Juma'a ruwan sai yayi fari-fari da ɗan ƙarni, kifayen su taru a sama baki buɗe suna haki, musamman da asuba. Golfish suka fara matse fuka-fukai a jiki, wutsiyar biyu daga ciki ta yi jan zane-zane kamar jini ya kwanta, ɗaya kuma ya koma kusurwa ya zauna a ƙasa ko abinci baya kulawa. Ranar Asabar in an yi wanki sai su warware, Lahadi da Litinin lafiya lau, Laraba a koma gidan jiya. Sati na biyu gofi biyu suka mutu, sati na uku golfish ɗaya da gofi ɗaya.

Abu na farko da ya gwada shawarar wani maƙwabci ce mai kiwon tarwada: ya fasa kafso ja da yalo guda biyu, wato tetirasaikilin, ya zuba a ruwa, ya ƙara da gishiri cikin tafin hannu. Ruwan yayi ruwan ɗorawa da kumfa a sama, kifayen ba su daina haki ba. Na biyu, mai shago ya ba shi shuɗin maganin nan, metilin bulu, yace cuta ce ta shiga. Kwana uku tankin na shuɗi har roban da ya haɗa gilasan ya rine, gofi biyu da moli ɗaya suka bi. Na uku ya ninka wankin, Asabar da Laraba, da omo da shanya kamar kullum. Na huɗu ya sayo sabuwar filta da ta fi ta da ƙarfi, ya jefar da tsohuwar. Ruwa dai ya yi haske garau, haki bai tafi ba. Zuwa ƙarshen wata an rasa 7, saura 14: golfish 5, koi 2, moli 5, gofi 1, mai lasar gilas 1.

Makon farko na Afrilu: gwajin ruwa

Sai a nan aka auna ruwan. Wani abokin aikinsa da ya daɗe yana ajiye kifin ado ya aro mishi kayan gwaji na ɗigo, irin wanda za ka ɗebi mililita 5 a 'yar kwalba ka ɗiga magani ka girgiza ka jira minti biyar ka gwada launi da kati. An yi gwajin kwana uku bayan wankin Asabar. Kwalbar amoniya da ya kamata ta tsaya ruwan ɗorawa ta koma kore shar: 4 miligiram a lita. Naitirait kusan sifili. Naitiret 20. pH, wato ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa, 8. Zafin ruwa da yamma digiri 31. Aka gwada ruwan jarka shi kaɗai kafin ya shiga tanki: amoniya 0, naitiret 20, pH 7.8.

Ga yadda ake karanta waɗannan lambobi. Kifi yana fitar da amoniya kullum, galibinta ma ba ta kashi take fita ba, ta jan naman nan na gefen kai da yake numfashi da shi take fita, sannan ragowar abinci da kashi in sun ruɓe su ƙara. A tankin da ya kama, akwai bakteriya masu zama a jikin soso da tsakuwa, wasu irin su Nitrosomonas su maida amoniya naitirait, wasu kuma irin su Nitrospira su maida naitirait naitiret, wanda shi gubarsa kaɗan ce kuma canjin ruwa ke rage shi. Ba a cikin ruwan suke yawo ba, manne suke da abubuwa, suna buƙatar iska, kuma ba sa saurin hayayyafa, kafin su ninka kansu sai an yi wajen awa 15 zuwa kwana guda, shi yasa sabon tanki kan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin ya kama. To a wannan tankin naitiret ɗin ciki daidai yake da na jarka, ko ɗigo bai ƙaru ba, ma'ana wata uku da kafawa babu wani abu da ke sarrafa amoniyar.

Sai batun zafi da pH. Amoniyar da kwalba ke nunawa kashi biyu ce a haɗe, akwai mai sauƙin guba akwai mai ƙona wurin numfashin kifi, kuma rabon ya danganta da pH da zafi. A pH 8, in ruwa na digiri 20 mai gubar ba ta kai kashi 4 cikin ɗari ba, a digiri 30 kuwa ta haura kashi 7. A pH 7 ko kashi 1 ba ta kaiwa. Dan haka 4 ɗin nan a pH 8 da digiri 31 na nufin wajen 0.3 na zallar mai gubar, alhali 0.05 ma in ya daɗe yana lahanta kifi. Ga shi ruwan zafi baya riƙe iska sosai: wajen miligiram 9 a lita a digiri 20, wajen 7.5 a digiri 30, a daidai lokacin da jikin kifin ke neman ƙari.

Aka kuma auna abinci. Matarsa na yin kek na sayarwa, tana da ƙaramin sikeli, sai aka ce kowa ya zuba abin da ya saba bayarwa a murfin kwalba maimakon tanki. Da dare aka ɗora: giram 3 da ɗan wani abu. Masu kiwon kifi na lissafin cewa kilo ɗaya na abinci na haifar da wajen giram 30 na amoniya, to giram 3 kenan miligiram 90, ka raba da lita 55, sama da 1.5 a lita kowace rana. Kwana uku, kusan 5. Lissafin ya zo kusa da abin da kwalba ta nuna.

Rana ta 1 zuwa ta 12: canjin rabi-rabi

Daga ranar gwaji aka canza tsari. An daina zubar da ruwa duka. Ranar farko aka cire rabi da safe rabi da yamma, 4 ta koma 2, ta koma 1. Daga nan kullum jarka ɗaya, da tiyo ake zuƙowa daga cikin tsakuwa dan kashin da ya maƙale ya biyo, kifayen na ciki ba a taɓa su. Jarkar da za a zuba a kawo ta falo tun dare ta kwana a buɗe, saboda wadda ta yini a rana a baron mai garuwa zafinta daban ne, kuma ruwan bohol da ma ba shi da iska sosai in ya fito. Ba a sa maganin kashe kulorin ba tunda ba ruwan famfo bane.

Kwana biyu ba a ba su komai ba. Nan aka sha rigima da ƙaramar 'yarsa, tana kuka tana cewa "Abba yunwa za ta kashe su", aka ɗauke gwangwanin abincin aka ɗora saman kabad. Kifi lafiyayye kwana biyu ba ci ba komai bane gare shi. Bayan nan sau ɗaya a rana, abin da bai kai giram 1 ba, wanda za su cinye cikin minti biyu, kuma mutum ɗaya ke bayarwa.

Abokin aikin nan ya yanko rabin tsohon soson filtarsa, baƙi ƙirin da dauɗa, ya kawo a leda da ruwan tankinsa, aka cusa shi cikin sabuwar filta tare da farin soson. Uwar gida da ta gani ta ce wannan ƙazantar za a sa a falonta? Shi ne dai irin ɗan tsohon nonon da ake zubawa a madara dan ta kama. Aka kuma sa doka: ba omo, ba shanya, in soso ya toshe a matsa shi sau biyu uku a cikin ruwan da aka ciro daga tanki a mayar.

Rana ta 5 amoniya kafin canjin ruwa 1. Rana ta 7 ta sauka 0.5, amma kwalbar naitirait da take shuɗi mai haske ta juye shunayya: 1, rana ta 9 ta kai 2. Kifayen suka koma haki duk da amoniya ta ragu, mai tankin hankalinsa ya tashi har yana maganar ko a koma wankin Asabar. Naitirait shiga jinin kifi yake ya hana shi ɗaukar iska, har jinin yayi ruwan ƙasa. A nan gishiri ke da amfani na gaske, domin kulorayid ɗin cikinsa na tare hanyar da naitirait ke bi ya shiga jiki, kuma ba a buƙatar mai yawa: ƙaramin cokali ɗaya, wajen giram 5, ga tankin gaba ɗaya, in an canza rabi a mayar da rabin cokali. Aka ci gaba da jarka ɗaya kullum. Ba wanda ya mutu a kwanakin nan.

Rana ta 13 da ta 14: wuta ta tafi

Taransifomar unguwa ta lalace. Da ma ana ɗauke wuta awa uku awa huɗu ana kawowa, wannan karon kwana biyu cur, janareto kuma sai dare ake tayarwa na ɗan lokaci. Filta ta tsaya, fanka ta tsaya, ruwan ya kai digiri 33. Asubar rana ta 14 aka tarar da koi ɗaya da babban golfish a kwance, manya su suka fi buƙatar iska su suka fara tafiya. Sauran an cece su ne da kofi, ana ɗiba ana kwararowa daga sama, babban yaron da babansa suna karɓa-karɓa. Da aka gwada, amoniya ta koma 1.5, saboda bakteriyar da ke cikin rufaffiyar filta in ruwa baya ratsa su iska ke yanke musu, aikinsu ya tsaya.

Bayan wannan ya sayi ɗan famfon iska mai aiki da USB, wanda pawa banki na waya ke iya riƙewa tsawon dare, ya haɗa shi da filtar soso irin wadda kumfar iska ce ke ja mata ruwa. Tsohon baƙin soson aka ɗaura a jikinta da roba. In an ɗauke wuta, iska da tacewa duk suna tafiya. Ya kuma ɗaga murfin tankin ya daina kunna fitila da rana, zafi ya sauka da digiri ɗaya zuwa biyu.

Rana ta 15 zuwa ta 35: ya kama, amma bai isa ba

Rana ta 22 naitirait ya fara sauka, rana ta 27 kwalba ta dawo shuɗi, 0. Amoniya 0 zuwa 0.25. Naitiret ya fara hawa sama da na jarka a karon farko, alamar duk matakan biyu na aiki. Sai aka gwada rage wahala: canjin ruwa duk bayan kwana uku, abinci a ɗan ƙara zuwa giram 1.5, dan golfish sun fara ramewa. Cikin kwana huɗu amoniya ta leƙo 0.5, naitiret ya kai 80, alhali ana so a riƙe shi ƙasa da 40, kuma tunda ruwan jarka da kansa na zuwa da 20 (ba abin mamaki bane a ruwan ƙasa na unguwa mai cunkoso da shadda ko'ina), ko rabi ka canza daga 80 sai dai ya dawo 50. Aka koma kullum, lambobi suka gyaru. Aka sake sassautawa, suka sake hawa. Sau biyu ana haka. Ya sa reshen fulawar nan mai yaɗo da ake kira mani filant, saiwa a ruwa ganye a waje, ta yi saiwa da kyau amma kwalba ba ta nuna wani bambanci ba a lokacin.

Jarka ɗaya kullum kuɗi ne, kuma lokacin zafi 'yan garuwa sun ƙara farashi, ga mutum na fita aiki tun bakwai.

Tsakiyar Mayu: rage kifi

Koi ɗin da ya rage aka kai wa wani mai kududdufin siminti a gidansa, kifi ne da ke iya wuce santimita 60, wato tsawon tankin kansa. Mai lasar gilas aka mayar shago, shi ma irin da aka fi sayarwa yana kaiwa santimita 30 ko fiye, kuma kashinsa ya fi dattin da yake lashewa yawa. Golfish 4 yara suka ƙi a bayar, sai aka yanka wani tsohon tankin roba mai lita 500 gida biyu, aka ajiye gindin a inuwa a tsakar gida, ruwa wajen lita 200, aka raba soson da ya kama aka ba su rabi da nasu famfon iskan, aka rufa raga saboda mage da yara. Sauro baya samun hayayyafa a ciki, duk tsutsar da ta fito sun cinye. A gilas aka bar moli 5 da gofi 1.

Yuni zuwa Yuli: inda aka tsaya

Tankin gilas: amoniya 0, naitirait 0, naitiret tsakanin 25 da 40, pH 7.8, canjin lita 15 zuwa 20 sau ɗaya a sati. Na tsakar gida: amoniya 0, naitirait ya ɗan leƙo 0.25 a satin farko ya ɓace, jarka biyu a sati. Jan zanen wutsiyar golfish ya goge cikin wata guda, ɗaya dai har yanzu numfashinsa ya fi na sauran sauri, da alama ƙunar ta bar mishi tabo. Tun daren da wuta ta tafi ba a sake rasa kifi ba. Daga 21, an rasa 9.

Abin da nake gani

Babu cuta a tankin nan tun farko, kuma duk abin da aka zuba a Maris maganin cuta ne. Ja da yalo da shuɗin magani duk suna iya taɓa bakteriyar filta, sai dai a gaskiya ba su tarar da wani abin kashewa ba, omo da rana sun riga su. Wankin Asabar shi ne abu mafi rikitarwa a labarin, domin shi ya raya kifayen sati bakwai ta hanyar zubar da amoniyar, kuma shi ya hana tankin kamawa, duk sati ana komawa ranar farko. Sanyin Janairu ya rufa asiri, da zafi ya zo kifi ya ninka abinci ya ƙaru sai sati ɗaya ya yi wa ruwan tsawo. Sabuwar filta kuwa datti mai ganuwa kawai ta kwashe, amoniya ba ta da launi.

Kwalaben gwaji ban ɗauke su magani ba amma su suka tsayar da kame-kame, musamman gwada ruwan jarka daban da auna abinci a sikeli, biyun nan su suka nuna daga ina matsalar take da kuma girmanta. Canjin rabi-rabi da yanke abinci sun sayi lokaci ne kawai. Tsohon soso ya rage jira, da wutar ba ta tafi ba ina ganin da tankin ya kama kafin rana ta 27. Famfon USB a garin da wuta ba ta da tabbas na fi ba shi muhimmanci a kan kowace filta mai tsada.

Amma wanda ya kashe maganar shi ne rage kifi, kuma shi aka fi jan ƙafa a kai. Sati ukun nan na ƙarshen Afrilu zuwa Mayu sun nuna cewa ko bakteriya sun zauna daram, lita 55 ba za ta ɗauki golfish 4 da koi da mai lasar gilas ba sai dai a zaɓi ɗaya, ko a bar su da yunwa ko a yi ta jidar jarka kullum. Da an raba su tun ranar gwajin farko, ina kyautata zaton manyan biyun da suka mutu daren rashin wuta da sun tsira. Moli kuma su suka dace da gilas ɗin tun asali, ruwa mai pH kusan 8 da ɗumi shi suke so, golfish ruwa mai sanyi-sanyi ya fi musu.

Abu biyu ba su warware ba. Canjin ruwa ba zai taɓa saukar da naitiret ƙasa da 20 ba muddin wannan bohol ɗin ake ɗiba. Sannan moli haihuwa suke ba ƙwai ba, kusan duk wata, a ƙarshen Yuli an ƙirga 'ya'ya 14 a bayan duwatsu, kuma yaran sun riga sun raɗa wa wasu suna. Mai shago ya yarda zai riƙa karɓa in sun kai santimita 2, a ba su abinci a madadi.